Babi na Biyar: Daga Bangon Nima Zuwa Titin Jamestown

Ruwan da ya sauka a kan kwanukan Nima da Mamobi hanyarsa ɗaya ce. Yakan gangaro ta lunguna ya taru a babbar kwatar da ta raba unguwannin biyu, ya je ya haɗu da rafin Odaw a wajen shataletalen Kwame Nkrumah, daga nan ya zube a tafkin Korle, wanda bakinsa ke buɗewa cikin teku dab da Jamestown. Duk abin da aka yar a Zango, leda ce ko tsumma ko fasasshiyar jarka, nan yake bi. Kusan ita ce kuma hanyar da masu zanen Nima suka yi shekaru suna bi a watan Agusta, da gwangwanayen fenti a hannu, zuwa bikin fasahar titi da ake kira Chale Wote. Wanda yake son ya gane abin da aka riƙa kafawa a wancan titi na bakin teku, gara ya fara yininsa daga sama, inda masu aikin da kayan aikin suka fito.

Nima ba ta cikin tsofaffin Zangunan Akra. Hausawa sun zauna a garin tun ƙarni na 19: akwai fataken da suka biyo hanyar goro ta Gwanja, akwai sojojin da Kyaftin Glover ya ɗauka lokacin yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, akwai kuma waɗanda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watso kudu. Wajen 1912 Malam Bako, wanda mahaifinsa Bakatsine ne, ya ɗebi jama'arsa ya kafa Sabon Zango. Nima kuwa sai a 1931 Malam Amadu Futa, Bafulatani malami kuma mai fataucin shanu, ya sami izinin zama a filin daga iyalin Odoi Kwao na Osu. A lokacin bayan gari ne, mashayar shanu kafin a kai su kasuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai mutane suka yi ta kwararowa, tsofaffin sojoji da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Dagomba da Wangarawa da Yarbawa, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Hukumar birni ba ta shigar da Nima cikin iyakarta ba sai farkon shekarun 1950, alhali gidaje sun riga sun cushe, ba a yanka titi ba, ba a haƙa magudana ba, ba a ware filin wasa ko na taro ba.

Wannan tarihin ne ya ba bango matsayinsa a Nima. Unguwar da ba a bar mata fili ba, bango ne dandalinta. Ka fito da sassafe, bayan ka sha koko da ƙosai a bakin titi, ka karanta abin da ke jikin gidaje. Ga allon mai aski da kawuna shida, kowanne da irin gyaran fuskarsa. Ga sanarwar mauludi da ta wa'azi, ga barka da dawowa da aka rubuta wa Hajiya da ta sauko daga Makka, ga sunan majalisar samari a kusurwar da suke dafa shayi, ga gargaɗin kada a yi fitsari a nan. A kan duk waɗannan kuma ga fastocin 'yan siyasa, an liƙa wani kan wani har sun yi kauri, na zaɓen da ya wuce yana leƙowa ta ƙarƙashin na bana. Mutanen Nima sun daɗe suna magana da bango. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne wasu matasa sun ce su ma suna da abin faɗa, kuma ba talla ba ne.

Wajen 2011 suka haɗu suka kafa ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art. Cikin sunayen da aka sani da ita akwai Rufai Zakari da Musah Swallah da Nicholas Wayo. Aikinsu iri biyu ne: su zana bango a unguwa, su kuma tara yara su koya musu riƙe fensir da burushi. Yawancinsu ba a jami'a suka fara ba. Hanyar da aka sani a Zango ita ce ta koyon sana'a a gaban ubangida, yadda ake koyon ɗinki ko kanikanci: ka share shago, ka wanke burushi, ka dama fenti, ka rubuta lambar mota da allon shago, sai bayan shekaru a bar ka ka zana fuska. Rufai Zakari, wanda aka haifa a 1990 kuma asalinsa mutumin Bawku ne, a hannun wani babban mai zane na Nima da ake kira Mozzay ya yi irin wannan zama, kafin ya gama kwalejin zane ta Ghanatta a 2011. Kwalejin nan ce ta yaye Amoako Boafo, wanda yau ake rububin zanensa a Landan da New York. An riga an rufe ta, kuma rashi ne babba ga 'ya'yan talakawan Akra.

Wanda sunansa ya fi fita a zanen bango shi ne Muhammad Awudu, da aka fi sani da Moh Awudu, ɗan Nima. Yana aiki da gwangwanin fesa fenti da kuma burushi, kuma abin da ya fi zanawa fuskokin mata ne da ɗankwali ko mayafi, da launuka masu ƙarfi, sau da yawa da salon rubutun Larabci a kewaye. Idan ka gangara daga Nima zuwa gadar Ako Adjei, za ka ga manyan zane-zanen da shi da abokan aikinsa suka yi a bangon ƙarƙashin gadar a 2020. Dubban motoci ke wucewa ta nan kowace rana, daga na ministoci har motocin haya da ake kira torotoro. Da yawa cikin masu wucewar, in aka ambaci Nima, ɓarayi da 'yan daba ne ke faɗo musu a rai. Ba su san hannun da ya ƙawata musu hanyar zuwa ofis daga can ya fito ba.

A nan dole a tsaya a kan wata magana da ba a raba ta da zane a unguwar Musulmi. Duk yaron da ya ɗauki burushi a Zango ya taɓa jin ta, kuma yawanci haka take gudana. Dattijo na zaune a benci kusa da masallaci, sai ya kira shi: "Kai ɗana, zo nan. Wannan hoton mutum da kake yi a bango, ka tambayi malamai kuwa?" Yaron ya durƙusa ya ce: "Baba, na tambaya. Ba don a bauta masa nake yi ba, don yara su ga cewa macen Zango ma tana da daraja." Dattijon ya ce: "To, Allah ya shirye mu. Amma ka rage fuska, ka ƙara rubutu."

Ba na ganin tambayar dattijon a matsayin jahilci, kuma ba daidai ba ne a yi mata dariya. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan surar abu mai rai. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen Zango suka tashi a kanta, an bambanta mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda aka hana, da zane a shimfiɗe, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka biyun. Wannan fagen malamai ne, kuma kowa ya bi wanda ya amince da iliminsa. Abin da na tsaya a kai shi ne, ko da an ɗauki ra'ayi mafi tsanani, filin da ya rage yana da faɗi ƙwarai, kuma namu ne tun asali. Wanda ya taɓa ganin allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani ya san Bahaushe bai rasa idon launi ba. Wanda ya zaga tsohon birnin Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram, ya ga fuskokin gidaje da dagi da takubba da zanen da magina suka fitar da hannu tun laka tana ɗanya. A tsakiyar ƙarni na 20 har keke da mota da agogo suka riƙa sakawa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, sarauta aka ba shi saboda gwanintarsa. Kakannin mutanen Zango sun zo kudu da shanu da littattafai, amma a gidan haya na bulo da kwano babu inda magini zai nuna hannunsa, sai sana'ar ta kwanta. Yaran da ke fesa fenti yau, ko sun sani ko ba su sani ba, ita suke tayarwa.

Masallacin Ƙasa da ke Kanda, a gefen Nima, wanda aka buɗe a watan Yulin 2021, an gina shi ne a salon masallatan Turkiyya, da ƙubbobi da hasumiyoyi da ado na rubutu da furanni a ciki. Ban taɓa jin wanda ya shiga ya fito yana ƙorafin adon ba. Kowa yabawa yake. To me zai hana a nemi irin wannan kyau a bangon makarantar allo ta lungu, daga hannun ɗan unguwa?

Kafin ka hau mota, ka ratsa ta kasuwar Malam Atta, wadda ba ta da nisa da Nima, ka nemi layin masu gawayi. Dubi buhunan da kyau. Na algarara ne, an saƙa su a Indiya ko Bangaladesh, an shigo da su Gana domin a zuba ƙwayar koko da ake fitarwa waje. Da sun gama wannan aiki sai su faɗa hannun 'yan kasuwa, a zuba masara ko shinkafa, su yi ta yawo tsakanin arewa da kudu. In sun tsufa sun yi ƙuraje, sai gawayi, wanda shi ne aikinsu na ƙarshe. A jikinsu akwai tambarin hukuma, akwai sunan mai kaya da aka rubuta da fenti, akwai faci a kan faci. A wannan kasuwa ce Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987, ya yi ɗaya daga cikin ayyukansa na farko, inda ya ɗinke tsofaffin buhuna ya lulluɓe tarin gawayi da su, masu ciniki suna ta harkarsu. Ka riƙe wannan a ranka, za ka sake haɗuwa da buhun.

Torotoro zai bi da kai ta shataletalen Kwame Nkrumah. A nan ne a daren 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai, mutane fiye da 150 da suka fake wa ruwan sama suka rasu. Cikin dalilan da aka lissafa akwai magudanun da shara ta toshe, musamman leda. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk wanda ya san wannan dare ba zai kalli aikin da aka yi da ledar ruwa a matsayin wasa ba.

Jamestown da maƙwabciyarta Ussher Town su ne tsohon garin mutanen Ga. Turawan Holan sun gina sansaninsu a 1649, wanda yanzu ake kira Ussher Fort. Ingilishi suka gina James Fort a 1673. Duka biyun an tsare bayi a cikinsu, daga baya suka zama kurkuku, kuma a James Fort aka ɗaure Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951. Tsakaninsu akwai Gidan Barazil, na zuriyar Tabom, 'yantattun bayin da suka dawo daga Barazil a 1836, shekara guda bayan tawayen da Musulmin Afirka, Yarbawa da Hausawa, suka yi a Bahiya. Da yawa cikin waɗanda suka dawo Musulmi ne. Can ciki kuma akwai kasuwar da har yau ake kira Salaga. Saboda haka ɗan Zango da ya zo nan ba baƙo ba ne ƙwarai. Sawun kakanninsa na nan, na daɗi da na ɗaci.

A wannan titi, daga Ussher Fort zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, aka fara Chale Wote a 2011. Mantse Aryeequaye da Sionne Neely na ƙungiyar Accra dot Alt ne suka jagoranci kafa shi, da nufin a fitar da fasaha daga ɗakunan nuni, inda talaka ba ya shiga, a kawo ta titi kyauta. Daga baya ya zauna a watan Agusta, lokacin da mutanen Ga ke bikinsu na Homowo. A shekarun da aka yi ana yin sa a nan, ranakun Asabar da Lahadi na ƙarshe akan rufe titin, mota ba ta shiga. Masu zane na kan tsani suna aiki mutane na kallo. Wasu na zana a kan kwalta da alli. Yaran Bukom, unguwar da ta fitar da Azumah Nelson da Ike Quartey, suna dambe a fili. Ga masu wasa da keke, ga makaɗa, ga masu sayar da dokunu da soyayyen kifi da barkono, ga hayaƙin tsire na mutanenmu a kowace kusurwa.

Gaskiya ita ce ba duk abin da ke wurin ne zai yi wa Musulmi daɗin gani ba. Akwai giya, akwai shigar da ba ta rufe jiki ba, akwai al'adun gargajiya na zuba abin sha a ƙasa. Garin mutane ne da bikinsu, kuma ba wanda ya tilasta maka tsayawa. Ka kau da kai ka wuce, masallatai na nan kusa idan la'asar ta yi. Amma kada wannan ya hana ka ganin abin da ya kawo ka.

Abin da ya kawo ka shi ne ayyukan da ake kafawa a fili, waɗanda ba zane ba ne a kan takarda, ba kuma gunki ba ne. Mutum ne zai tara kaya, ya ɗinka ko ya ɗaura ko ya jera, ya rufe gini ko ya tare hanya da su, yadda dole ka bi ta ciki ko ta ƙarƙashi. Irin wannan aiki ba a gane shi a hoton waya. Sai ka tsaya a gabansa.

Ɗauki buhunan Ibrahim Mahama, waɗanda aka taɓa rataye su a wannan biki. Daga nesa abu ne ruwan ƙasa mai duhu ya lulluɓe bango, iskar teku na kaɗa shi. Da ka matso sai wari ya tarbe ka, na gawayi da ƙura da gumi da danshi. Sai ka fara ganin ɗinkin, manyan taki na igiya, wani a miƙe wani a karkace, ka san hannaye da yawa ne suka yi shi. Yawancin masu ɗinkin 'yan ci-rani ne daga arewa, har da mata 'yan dako da ke ɗaukar kaya a ka a kasuwannin Akra. Sai ka fara karanta sunayen da ke jiki. Baƙon da ya zo daga Turai zai yi maganar cinikin duniya da mulkin mallaka, kuma bai yi kuskure ba: koko ya tafi ya zama cakulan, buhun ya tsaya yana ɗaukar wahala. Amma macen da ta yi shekaru tana sauke irin buhun nan daga mota ba ta bukatar mai fassara. Ta san nauyinsa a wuyanta. A karon farko an ɗaga abin da take ɗauka sama da kanta, an ce wa gari duka ya tsaya ya duba. Ni a ganina wannan shi ne amfanin fitar da fasaha waje, kuma ba wani ɗakin nuni mai sanyin na'ura da zai iya yin sa.

Buhunan sun yi nisa bayan haka. An shimfiɗa su a babban baje kolin Venis a 2015, an lulluɓe Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Akra da su a 2016, an kai su Kasel ta Jamus a 2017. Tambayar da ta dace a yi wa duk wanda ya yi suna da kayan talakawa ita ce: me ya koma wa masu kayan? Mahama ya ba da tasa amsar da gini. Ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a Tamale a 2019, sannan cibiyar Red Clay a bayan garin a 2020, inda ya jawo tsofaffin jiragen sama ya ajiye a fili, yaran ƙauyukan kewaye suna shiga ciki suna ɗaukar darasi. Wannan abin a yaba ne, kuma ma'auni ne da ya kamata a riƙa auna sauran da shi.

Gaba kaɗan za ka iya cin karo da ruwan ɗorawa, launin jarkar da kowane gida a Nima ya sani. Man girki ake shigowa da shi a cikinta, in ya ƙare ta koma ta ɗiban ruwa. Sunan tsohon shugaban ƙasa John Kufuor aka laƙaba mata, saboda ƙarancin ruwan da aka sha fama da shi a zamaninsa, tsakanin 2001 da 2009. Serge Attukwei Clottey, mutumin La, yana yanyanka ta ƙanana, ya huda, ya ɗaure da wayar tagulla, har ta zama wani ƙaton mayafi da ake ratayewa ko a shimfiɗa. Ya taɓa shimfiɗa irinsa a lungunan unguwarsu mutane suna takawa. Shi da ƙungiyarsa ta GoLokal sun sha fitowa a Chale Wote. Yarinyar da ke tashi kafin asuba ta bi layin famfo ita ce ta fi kowa sanin abin da wannan launi yake faɗi.

Rufai Zakari kuwa leda ya kama: ta ruwan sha, ta biskit, ta sabulu, ta kayan shayi. Ana tattaro su, a wanke, a yanka, a ɗinke, sai ga hoton mace cikin kwalliya ta Sallah, an yi ta da abin da ke toshe kwata. Ya kafa gidauniyar Rujab a Bawku domin wannan aiki. Dukkansu kuma suna tafiya ne a hanyar da El Anatsui ya share, dattijon da aka haifa a Anyako a 1944, ya koyar a Jami'ar Nsukka tun 1975, wanda labulensa na murafen kwalabe ya cika babban zauren Tate Modern a Landan a 2023.

Idan ka jera waɗannan a zuciya, buhu da jarka da leda, za ka ga abu guda. Fasahar Gana da duniya ke tafa wa a yau, da kayan rayuwar unguwanni irin Nima aka gina ta, sau da yawa kuma da hannun mutanensu. Amma a cikin Zango har yanzu uba zai fi so a ce ɗansa yana sayar da waya a bakin titi da a ce mai zane ne.

Bikin kansa yana da nasa aibin. Yadda ya girma, haka hayaniya da ciniki suka rinjayi kallo. Da yamma taro kan yi yawa har ba ka iya tsayawa gaban aiki, kuma da yawa sun zo ne su ɗauki hoton kansu, bangon ya zama musu labule kawai. Ranar Litinin baƙi sun watse, masunta da matan da ke ƙyafe kifi suna nan yadda suke, gishirin teku ya fara cin fentin. Fenti ba ya gyara magudana, ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma duk wanda ya ce zane kaɗai zai fitar da unguwa daga talauci ya faɗi abin da ya fi ƙarfin zane. Tun 2023 ma an mayar da bikin Osu, wajen Dandalin 'Yanci da tsohuwar fadar gwamnati, ya bar titin da aka haife shi. Darasin da ke nan ga Nima a fili yake: bikin da ba a hannunka yake ba, ranar da masu shi suka ga dama za su ɗauke shi.

Akwai wani misali daga ƙauye da ya fi kusa da abin da nake fata. A Sirigu, can arewa maso gabas kusa da iyakar Burkina Faso, mata ne ke yi wa gidajen laka ado da jar ƙasa da baƙa da fara. In sun gama sai su yayyafa ruwan ɓawon ɗorawa da aka dafa domin ya riƙe, wato abin da maginan Kano da Katsina suka sani da makuba. Da sana'ar ta fara mutuwa, Melanie Kasise ta tara matan a 1997 suka kafa ƙungiyar masu tukwane da zane, har Kofi Annan ya ziyarce su a 2002. Ba su jira wani ya kawo musu biki daga birni ba. Bangonsu ne, ƙasarsu ce, kuma kuɗin baƙo a hannunsu yake sauka. Jikokin mutanen wannan yanki suna nan da yawa a Nima da Mamobi.

Nima ba ta rasa taro ba. Ranar Laraba kasuwarta na cika da hatsi da albasa da tumaki daga arewa. Da Sallah ana hawan dawaki, sarakunan ƙabilu na fitowa da laima da kakaki, ga kuma bikin titi da mawaƙan VIP, 'yan unguwar, suka daɗe suna shiryawa. Masu zane ma suna nan. Abin da ya rage shi ne bango da izini da ɗan kuɗin fenti. A 2017 gwamnati ta kafa Asusun Raya Zango. Ko kaɗan daga abin da ake warewa ya isa a gyara bangon makarantu goma a biya masu aikin haƙƙinsu, domin sana'a ce, ba a ce su yi don Allah kullum ba.

Don haka ina kira ga sarakunan Zango da limamai da masu gidajen da ke bakin titin Nima da na Kanda. Ku zauna da yaran nan kafin Sallah mai zuwa. Ku faɗa musu abin da kuka yarda a zana da abin da ba ku yarda ba, su kuma su nuna muku abin da suka iya. A fara da bangon makarantar Islamiyya guda a Nima da guda a Mamobi, a sa alarammomi masu zayyana su yi aiki tare da masu fesa fenti, a hana liƙa fasta a kai. Kai kuma Alhaji mai gida, in wani yaro ya yi sallama ya roƙi bangonka, ka tambaye shi ɗan gidan wa ne, ka duba zanen da ya riƙo a takarda, in ya yi maka ka ba shi.